Malama, wannan gajiyar ba lalaci ba ce

Wasiƙar wannan makon daga wata malama ce da ke koyarwa a ɗaya daga cikin manyan makarantun Gusau, ta kuma roƙi in sakaya sunanta. Kwas huɗu take ɗauka, ita ke kula da 'yan ajin farko na sashensu, ga furojet ɗin 'yan ajin ƙarshe, ga digirinta na uku ya cije a babi na uku. 'Ya'yanta uku, ƙaramin na goye. Abin da ya sa ta ɗauki alƙalami shi ne, wata Talata ta isa makaranta, ta kashe mota, amma ta kasa fitowa. Ta yi kusan rabin awa a zaune tana kallon buhun takardun jarrabawa ta madubi. Ta ce, "Da ina son ɗalibaina. Yanzu ko ƙwanƙwasa ƙofar ofis aka yi sai gabana ya faɗi. Anti, lalaci ne ya kama ni, ko rashin godiyar Allah?"

Ƙanwata, babu ko ɗaya. Abin da ke damunki sananne ne. A 1974 wani masanin halayyar ɗan'adam, Herbert Freudenberger, ya bayyana shi bayan ya lura da masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta a Amurka, ya ga waɗanda suka fi ba da kansu ga aikin su ne ke fara durƙushewa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yanayi ne da ke tasowa daga matsin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba, ta kuma ba shi alamu uku: ƙarewar ƙarfi, da janyewar zuciya daga aikin har mutum ya fara jin haushinsa, da ganin cewa ba ka tsinana komai. Dukansu suna cikin wasiƙarki. Gajiya ce wadda barcin dare ba ya maganinta, don ba daga wahalar yini guda ta taru ba.

Ki duba abin da malamin jami'a ya ratsa a 'yan shekarun nan. Yajin aikin ASUU na 2022 ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, aka riƙe albashi, da aka dawo kuma aka matse zangon karatu don a cimma abin da ya wuce. A Mayun 2023 aka janye tallafin mai, kuɗin zuwa aiki ya cinye wani babban ɓangare na albashi. Mu a Zamfara muna da ƙarin kaya a kan wannan. A Satumbar 2023 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu. Mai koyarwa a Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, in a Gusau yake kwana, yana lakca ne yana duba agogo, yana lissafin ko zai kama hanya kafin rana ta yi sanyi. Zaman ɗar-ɗar aiki ne ga jiki: zuciya na bugawa da sauri, barci ba ya nauyi, sai mutum ya wayi gari kamar ya kwana yana faskare.

Amma akwai kayan da ke kanki ke kaɗai saboda ke mace ce, kuma a nan nake so mu tsaya. A sassa da yawa malamai mata ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Duk kwamitin da aka kafa sai a ce ya kamata a sa mace, macen kuma ke ce. Ke ce mai rubuta bayanin taro, ke ce mai kula da abincin baƙi ranar da masu tantance kwasa-kwasai za su zo. Ɗalibar da mijinta ya ce ta bar karatu, ofishinki za ta zo ta yi kuka. Wadda ciki ya tsufa ga jarrabawa ta ƙarato, ke. Wadda wani ya matsa mata lamba ta rasa wanda za ta gaya wa, ke. Suna kiranki Mama, kuma da gaske suke. Aiki ne mai lada, ban taɓa raina shi ba. Sai dai ranar da kwamitin ƙarin girma ya zauna, maƙalun da kika buga a mujallun ilimi zai ƙirga, ba hawayen da kika share ba. Abokin aikinki da kuka fara tare yana komawa gida ya tarar da tuwo a rufe, ya buɗe kwamfuta. Ke kuwa kina ajiye jaka sai ki ɗaura zani. Ga biki, ga suna, ga gaisuwar rasuwa, waɗanda in ba ki je ba za a ce boko ya sa ki girman kai.

Fara da asibiti. Ki je Asibitin Tarayya na Gusau ko na Yariman Bakura a auna miki jini, a duba hawan jini da suga da maƙoƙo, don ƙarancin jini bayan haihuwa kan kawo irin wannan kasala. Kada ki sayi maganin barci a kemis da kanki. Ki kuma lura da kanki: in nauyin kan ragu lokacin hutu, daga aiki yake. In yana binki ko'ina, kin wuce mako biyu babu abin da ke miki daɗi, ko tunanin mutuwa ya fara ziyartarki, wannan ciwon damuwa ne, ki nemi likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba. Akwai asibitin tarayya na wannan fanni a Kware, jihar Sakkwato, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Ki riƙe addu'a da azkar ɗinki, ki haɗa da magani.

Daga nan ki sami ƙaramin littafi, ki yi mako biyu kina rubuta duk abin da ya ci miki lokaci, har da mintunan da ɗaliba ta zauna a gabanki. Da shi za ki je wurin shugaban sashe. Na san kunya za ta riƙe miki harshe, musamman in malaminki ne tun kina ɗaliba. Ba sai kin ce "a'a" tsirara ba. Ki ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ke hannuna. In na karɓi wannan sabon kwamitin, wanne zan sauke?" Takarda a gabansa ta fi ƙorafin baki ƙarfi, kuma sau da yawa shi ma bai san yawan abin da ya ɗora miki ba. Ki tambayi ofishin rajistara haƙƙinki na hutun shekara da hutun karatu, da tallafin TETFund na ƙarin ilimi, ki nema a rubuce. Ku kuma shugabannin sassa, don Allah ku riƙa juya waɗannan ayyuka tsakanin maza da mata, ku tsara jarrabawa ta ƙare da wuri saboda masu bin hanya.

Digirinki kuwa gayya yake buƙata. Ki nemi malamai mata biyu ko uku, ko daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Gusau ne, wadda ɗalibanta mata ne zalla, ku tsayar da safiya guda a mako, awa biyu, kowa da nata rubutun, waya a kashe, babu hira sai an tashi. Shafi biyu a mako babi ne a zango.

Maigida ma ki zaunar da shi, ba ranar da ranki ya ɓaci ba. Ki nuna masa littafin nan, ki roƙi abu takamaimai: ya ɗauki kai yara makaranta, ko a ɗauki babbar mace mai taimako a riƙa biyanta. Ɗalibai kuma ki sanar da su cewa bayan sallar isha'i ba kya duba WhatsApp.

Buhun nan da ke kujerar baya, ki sa a shigar miki da shi ofis gobe. Ki duba takarda ashirin kullum bayan azahar, ki kulle ƙofa a kan sauran, ki koma gida da jakarki kaɗai.