Filin Kimiyya da Sana'a: Me Ke Sa Injin Gas Ya Riƙa Mutuwa Yana Tashi?

Darasinmu na wannan mako a kan ƙaramin injin gas ne, wato dizal, wanda ke juya injin niƙa da na casar shinkafa a Kuberi da maƙwabta. Wasu manoma ma da shi suke ban ruwa a gonakin albasa na Aliero da fadamun Jega da Maiyama. Abin da ya fi damun masu shi shi ne ya yi ta aiki lafiya, can sai ya mutu, a tayar ya tashi, jim kaɗan ya sake mutuwa. Masu niƙa su yi ta jira, ko albasa ta kwana da ƙishi.

Yadda yake aiki

Injiniya Rudolf Diesel na ƙasar Jamus ne ya ƙirƙiro shi, kuma a 1897 ya nuna wanda ya yi aiki sosai. Ba shi da fulogi irin na babur. Fistin ne ke matse iska har zafinta ya wuce digiri 500, sai nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Ke nan abu uku yake buƙata: mai mai tsabta, isasshiyar iska, da matsi. Injin da matsinsa ya yi rauni kullum da ƙyar yake tashi. Amma wanda ke tashi da sauƙi sannan ya mutu, yawanci mai ne ko iska ke yanke masa. Saboda haka mu fara bincike daga abu mai arha kafin a kwance inji.

Mataki na 1: Murfin tanki. Akwai 'yar ƙofa a jikinsa da iska ke shiga ta maye gurbin man da ya sauka. Idan ƙura ta toshe ta, man zai daina gangarowa bayan 'yan mintoci. Mu sassauta murfin mu tayar. In injin ya daina mutuwa, mun gano ɓarawon.

Mataki na 2: Ruwa a cikin mai. Ruwa ya fi gas nauyi, don haka a gindin tanki yake kwanciya. Mu tsiyayi man daga ƙasa a kwalba mai haske mu ajiye ta ɗan lokaci. In akwai ruwa za mu ga ya ware a ƙasa. Yana shiga ta jarkar da ba ta bushe ba, ko ta raɓar da ke taruwa cikin tankin da ya kwana babu mai sosai. Shi ya sa ake son a cika tanki da yamma.

Mataki na 3: Filtar mai. Alamar toshewarta ita ce injin ya yi aiki lafiya ba kaya, amma da an zuba hatsi ko an fara jan ruwa sai ya shaƙe. In ya huta, mai ya sake taruwa a hankali, sai ya tashi. A canza ta.

Mataki na 4: Iska a cikin tiyo. Tiyon da ya tsage ko ya kwance yana zuƙar iska, kuma famfon mai ba ya iya tura kumfa. Ana sassauta ƙaramin noti na kan filta ko famfo har mai ya fito ba kumfa, sannan a ɗaure.

Mataki na 5: Filtar iska da ruwan sanyaya. Ƙurar hunturu da garin niƙa suna toshe filtar iska da sauri. Haka kuma in ruwan tukunyar inji ya ƙone, ko baƙin mai ya ragu, zafi zai tsayar da shi, kuma wannan kan jawo babbar ɓarna.

Hayaƙi ma malami ne. Baƙi na nuna ƙarancin iska ko kaya sun yi yawa. Fari na nuna man bai ƙone ba ko akwai ruwa. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa.

Gargaɗi

Kada mu taɓa bel ko mu kusance shi da babbar riga ko hijabi injin na juyawa. Kada mu sa hannu gaban nozul, domin ƙarfin feshinsa na iya huda fata. Kada a kunna inji a rufaffen ɗaki. In matakan nan biyar ba su magance matsalar ba, aikin famfo da nozul na bakanike ne. Sai dai za mu taimaka masa ƙwarai in mun rubuta minti nawa injin ke yi kafin ya mutu, da kaya ko ba kaya, da launin hayaƙinsa.

Tambayar mako

Injin niƙa yana mutuwa bayan minti 10, amma da an buɗe murfin tanki sai ya tashi. Mene ne dalili? A kawo amsa ga ƙungiyar 'yan jarida kafin Alhamis, za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba.