Waldar Bututun Alminiyam

Akan yi bututun alminiyam, watau goran ruwa, daga falle. Inji ke naɗe fallen har bakunansa biyu su haɗu, sa'an nan a yi musu walda. Ƙarfin bututu duka a mahaɗin nan yake.

Wuyar aikin wata 'yar fata ce da ke rufe ƙarfen. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, amma fatar sai zafi ya wuce 2,000. In mai walda bai kankare ta da burushin waya ba, mahaɗin zai yi yoyo.

Saboda haka kada hakimi ya karɓi bututun ban-ruwa sai an matsa ruwa cikinsa, magatakarda ya ga mahaɗin a bushe.