Darasi: Hoton Ƙirji Kaɗai Ba Ya Tabbatar da Namoniya ga Yaro

Kafin iyaye a Zurmi su kama hanyar Ƙauran Namoda zuwa Gusau neman hoton ƙirji, ya kamata su san iyakarsa. Na'urar inuwa kawai take ɗauka, mutum ne ke fassarawa.

Inda ake saɓani

Idan sashen huhu ya yi fari sosai, likitoci kan yi ittifaƙi. Idan inuwar ta yi dishi-dishi, ko yaro ya motsa yana kuka, sai ra'ayi ya rabu. Shi ya sa a 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar karanta hotunan yara. Manhajojin kwamfuta da ta amince da su a 2021 kuwa na tarin fuka ne, ga 'yan shekara 15 zuwa sama.

Abin yi

Kunna agogon wayarka, ka ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana natse. Ga ɗan wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ya yi sauri. Ga ɗan shekara 1 zuwa 5, numfashi 40. In ya kai haka, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, a garzaya asibiti mafi kusa, kada a jira hoto.