Hanyoyin Ƙafa da Kufai a Lardin Tafkuna na Ingila: Darasi Domin Hakimai da Magatakarda

1. Ƙasar da yanayinta

A arewa maso yammacin Ingila akwai wani yanki na duwatsu da kwaruruka wanda Turawa ke kira Lardin Tafkuna. Faɗinsa murabba'in mil 912 ne. A nan dutsen da ya fi kowane bisa a Ingila yake, watau Scafell Pike, mai ƙafa 3,209. A nan kuma tafkin da ya fi kowane girma yake, watau Windermere, wanda tsawonsa ya zarce mil 10, da kuma Wastwater wanda ya fi kowane zurfi, ƙafa 258. Ruwan sama ba shi da lokaci a can, kowane wata ana yinsa. A wani ƙauye da ake kira Seathwaite, ruwan da ke sauka cikin shekara ya ninka na Kano sau uku ko fiye. Ƙasar ba ta hatsi ba ce sai kaɗan, galibin manomanta masu kiwon tumaki ne.

Duk da wannan, miliyoyin baƙi ne ke zuwa kowace shekara, har saukar baƙi ta zama babbar sana'ar mutanen wurin. Ban da kyan ƙasar, abu biyu ke jawo su: turbobin da mutum zai bi da ƙafa ya hau duwatsu ko ya kewaya tafkuna, waɗanda jimlarsu ta kusa mil 2,000, da kuma kufan mutanen da. Waɗannan abubuwa kuwa ba sa'a ce ta tsare su ba. Sun tsira ne domin an rubuta su, an kuma san wanda kulawa da su ta rataya a wuyansa.

2. Abin da matafiyi zai gani

Kusa da garin Keswick, bisa wani tudu, akwai duwatsu 38 da aka kakkafa a da'ira, ana kiran wurin Castlerigg. Masana sun kimanta shekarunsa wajen 5,000. Can kuma a kwarin Langdale, kusa da ƙwanƙolin dutse, akwai inda mutanen wancan zamani suka riƙa fasa wani irin dutse suna sassaƙa gatura, irin waɗanda Hausawa ke kira gatarin aradu. An tsinci gaturan Langdale a sassa masu nisa na Biritaniya, shaida ke nan cewa tun kafin a san ƙarfe akwai fatauci a kan waɗannan turbobi.

Bayansu sai Rumawa. A zamanin Sarki Hadrian, wanda ya yi mulki daga shekara ta 117 zuwa ta 138, suka gina sansani mai ganuwa a mashigin Hardknott domin tsaron hanyar da ta taso daga bakin teku a Ravenglass ta nufi Ambleside. Soja wajen 500 suka zauna a ciki, waɗanda aka ɗauko daga Dalmatiya, a ƙasar Kuroshiya ta yau. Har yanzu ana ganin tushen ganuwar, da rumbuna, da gidan wanka, da filin fareti. Wata hanyar Rumawa kuma ta bi ta kan doron wani dutse mai ƙafa 2,718, masu yawo suna binta har wa yau.

3. Yadda aka yi turbobi suka zama na kowa

Galibin turbobin nan sun ratsa ta cikin gonaki da makiyayar mutane ne, saboda haka ba a rasa jayayya ba. A 1887 masu ƙasa suka toshe hanyoyin hawa tudun Latrigg, wanda ke bisa Keswick. Mutane wajen 2,000 suka taru suka hau tudun da rana tsaka, domin su nuna hanya ce ta iyaye da kakanni. A 1888 magana ta kai gaban alƙali a Carlisle, aka daidaita a kan hanya ɗaya ta zauna a buɗe.

Wannan ya nuna wa masu hankali cewa in kowace turba sai an yi shari'a a kanta, to, da yawa za su salwanta. A 1895 wani limamin Kirista na yankin, Hardwicke Rawnsley, tare da Octavia Hill da Robert Hunter, suka kafa ƙungiyar National Trust, wadda aikinta shi ne ta mallaki wurare ta riƙe su amana domin jama'a. A 1902 ta sayi dajin Brandelhow a bakin tafkin Derwentwater da kuɗin da mutane suka tara. Da marubuciyar nan Beatrix Potter ta rasu a 1943, ta bar wa ƙungiyar ƙasa wajen eka 4,000 da gonaki fiye da goma.

Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne dokar 1949. Dokar nan ta umurci majalisun larduna su auna dukan hanyoyin jama'a su sa su a taswira. Majalisun ƙauyuka suka taimaka: mutanensu suka bi turba turba da ƙafa, suka tambayi dattawa, suka rubuta inda kowace ta faro da inda ta ƙare. Aka kafe taswirar a fili domin mai ƙorafi ya kawo, sa'an nan aka tabbatar da ita. Tun daga ran nan, turbar da ta shiga taswira ta zama hujja yankakkiya a gaban alƙali, mai gona ba shi da ikon toshe ta. A ƙarƙashin dokar ne kuma aka keɓe lardin ya zama gandun ƙasa a 1951. A 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Abin lura shi ne, inda masu aunawa suka yi sakaci, turbobi sun faɗi daga taswira. A 2020 ƙungiyar masu yawon ƙafa ta Ramblers ta gwada tsofaffin taswirori da na yanzu, ta sami wajen mil 49,000 na hanyoyi a Ingila da Wales waɗanda mai yiwuwa na jama'a ne amma ba a rubuta su ba. Komo da irin waɗannan yana bukatar hujjoji da shekaru, dattawan da za su ba da shaida kuwa sun riga sun ƙaura.

Rubutun mutum ɗaya ma yana da amfani. Alfred Wainwright, Ma'ajin garin Kendal, ya yi shekara 13 yana hawan duwatsun lardin a ranakun hutunsa. Ya rubuta littattafai 7 da hannunsa, da zane da taswira, ya bayyana hanyoyin hawa duwatsu 214. An buga su daga 1955 zuwa 1966, har yanzu kuma matafiya suna aiki da su.

4. Gyara

Rubutu kaɗai ba ya tsare hanya. Inda ƙafafu suka yi yawa ciyawa takan mutu, ruwa ya sami magudana, ya ci ƙasa har turba ta zama kwazazzabo. Sai masu tafiya su kauce gefe, ɓarna ta ƙara faɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka tun 2001 hukumar gandun da National Trust da waɗansu ƙungiyoyi suka haɗa kai don gyara. Sukan shimfiɗa duwatsun wurin kamar matakala, su haƙa magudanai a gicciye domin ruwa ya fice daga turba. Inda mota ba ta zuwa, jirgi mai saukar ungulu ke kai duwatsu. Masu aikin sa kai kuma suna zagayawa suna yashe magudanai. Shi ma baƙo an ɗora masa nasa: ya bi turba, ya bar ƙofar shinge yadda ya same ta, kada karensa ya kori tumaki.

5. Ƙauyen da ruwa ya ci

Ba kome ne ya tsira ba. A 1929 birnin Manchester ya fara gina madatsa a tafkin Haweswater domin ruwan sha. Ruwa ya ƙaru da ƙafa 95, ya haɗiye ƙauyen Mardale Green. An yi ibada ta ƙarshe a majami'ar ƙauyen a 1935, aka tone kaburbura aka kai gawawwakin garin Shap. A shekarun fari, kamar 1984, ruwa kan janye har a ga gadar ƙauyen da tushen shingayensa. Abin da ya rage a tudu shi ne tsohuwar turbar da mutanen Mardale suka riƙa ɗaukar gawa a kanta zuwa Shap kafin su sami makabarta, har zuwa 1736. Turbar tana cikin taswira, ana binta, saboda haka ba a manta da ƙauyen ba.

Irin wannan ya faru a Nijeriya. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya rufe tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, aka mai da mutanenta sabon gari.

6. Abin da ya kamata hakimi da magatakarda su ɗauka

Ba gundumar da ba ta da tsohuwar ganuwa, ko kufai, ko maƙera, ko kushewar wani malami, ko burtali, ko turbar da ke zuwa mashaya. Hakimi ba ya bukatar sabuwar doka kafin ya san abin da ke ƙasarsa. Ga abin da ya dace:

Na ɗaya, magatakarda ya buɗe littafi dabam domin hanyoyi da kufai. Kowace hanya a rubuta sunanta, da mafarinta, da maƙararta, da faɗinta, da gonakin da ta ratsa.

Na biyu, kada a rubuta daga zaure. A taka hanyar tare da dagaci da mai unguwa da ardo, a ji daga bakin dattawa biyu ko uku, a rubuta sunayensu da ranar da suka faɗa.

Na uku, a karanta abin da aka rubuta a bainar jama'a domin mai ja ya yi magana, sa'an nan a aika da kwafi ga majalisar Sarki.

Na huɗu, kowane wuri a damƙa shi ga mutum sananne, a duba shi kafin damina da bayanta. A hana ɗibar ƙasar ganuwa don gini, da fasa duwatsun kufai. In an tsinci wani abin tarihi, a sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979.

Dattijon da ya san iyakar burtali yau, ba lalle ne a same shi baɗi ba. Tun ran gini, ran zane.