JANA'IZAR SOJA MUSULMI: MENE NE NA BARIKI, MENE NE NA SHARI'A?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, duk wanda ya kalli jana'izar Janar Ibrahim Attahiru da abokan tafiyarsa ranar 22 ga Mayu, 2021, ya ga abubuwa biyu. An yi wa Musulmin cikinsu sallah a Babban Masallacin Ƙasa, sannan aka wuce Maƙabartar Sojoji ta Abuja, inda al'adar bariki ta karɓa. A wannan al'ada ana lulluɓe akwati da tuta, a busa begila, a yi harbi sama, a miƙa wa magaji tutar. Wannan karramawar hukuma ce. Amma haƙƙin mamaci Musulmi abu huɗu ne: wanka, likkafani, sallah da binnewa. Ka riƙe waɗannan mas'aloli:

1. Ba kowane soja ne ake binnewa babu wanka ba. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya sa an binne shahidai wajen 70 da jininsu, ba a wanke su ba. Daga nan Malikiyya suka ce shahidin fagen fama ba a yi masa wanka ko sallah, da tufafinsa ake rufe shi. Sai dai sun taƙaita hukuncin ga wanda ya faɗi a yaƙi da kafirai masu yaƙar Musulmi. Wanda 'yan fashi ko 'yan tawaye suka kashe, a wurinsu ana wanke shi, a sallace shi. Hanafiyya kuwa sun ce irin wannan ba a wanke shi, amma ana yi masa sallah.

2. Wanda ya ji rauni ya rayu kwanaki, ko ya rasu a hatsarin jirgi, ko tsohon soja da ya cika a gidansa, jana'izarsa irin ta kowa ce. Sa'adu ɗan Mu'azu an harbe shi da kibiya a Khandaƙ, ya rasu daga baya, kuma an wanke shi an yi masa sallah.

3. Tuta ba likkafani ba ce. Idan an ɗora ta a kan akwati, a cire ta kafin saukarwa, a kwantar da shi a gefensa na dama yana fuskantar alƙibla.

4. Sunna ita ce gaggautawa. Jinkiri don bincike ko gane gawa lalura ce. Amma ajiye bawan Allah makonni a firij don jiran wani babba ya samu sarari, wannan fa tauye haƙƙinsa ne. Lokacin harbi da busa kuma, kai ka shagala da roƙa masa tabbata, domin a wannan lokacin ake tambayarsa.

5. Kada ka yanke wa kowa shahada ko wuta a Facebook. Muna yi masa fata, niyya kuwa Allah ne Ya san ta.

Sai abin da muka fi sakaci da shi. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ana yafe wa shahidi komai ban da bashi. To, wa ya bincika bashinsa? Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8, Annabi (SAW) ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci. Yau matar soja tana takabar wata huɗu da kwana goma, ga marayu, ga zirga-zirgar neman haƙƙin mijinta. In kana da irin wannan gida a unguwarku, ka leƙa su a wannan makon.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Wallahu a'alam.