Ba Kowace Mantuwa Ce Tsufa Ba

Idan shekaru suka haura 65, ƙashi kan rage ƙwari, gani da ji su yi rauni, jin ƙishirwa ma ya ragu. Saboda haka ku riƙa miƙa wa Baba ko Inna ruwa tun kafin su nema, musamman da bazara. Ku sa fitila a hanyar banɗaki, ku kawar da tabarmar da bakinta ya tashi, domin faɗuwa ɗaya kan karya ƙugu ta kwantar da mutum watanni.

Manta inda aka ajiye carbi ba abin tashin hankali ba ne. Amma idan tsohuwa ta ɓata a unguwarsu, ko ta kasa gane jikanta, mai yiwuwa ciwon mantuwa ne irin Alzheimer. Ba maita ba ce, a kai ta asibiti. A kuma riƙa auna hawan jini, tunda shi ke kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki.

Kaɗaici ma yana karya tsoho. Ku zauna hira da su, ku nemi shawararsu, ku raka su masallaci da gidan suna. Ku riƙe su da mutunci tun suna raye.