Sauya tiyon kuloci

Kai mai tsohuwar Land Rover, in ka taka kuloci ka ji ba ƙarfi, giya kuma ta ƙi shiga, leƙa ƙarƙashin mota. Wataƙila tiyon roba ne ya tsage, mai ya zube. Kada ka ɗaure shi da tsumma, zai bar ka cikin daji.

Kwance tsohon, ka ɗaura sabo. Zuba man burki. Man inji kam, a'a, yana lalata roba.

To, saura fidda iska. Wannan sai mutum biyu. Yaronka ya taka kuloci ya riƙe. Kai ka sassauta ɗan notin iska da ke kusa da bakin tiyon, ka ɗaure, sannan ya ɗaga ƙafa. Ku yi ta yi, kana ƙara mai, har ya fito ba kumfa.